Ɗiyarki ta iya lissafin dala, zanen sanduna ba zai gagare ta ba

Wata uwa ce ta rubuto daga unguwar Zariya, a nan Maraɗi. Ga abin da ta ce, na ɗan taƙaita:

"Assalamu alaikum, Malama. Ina da ɗiya mai shekara goma, tana aji CM1, wato aji biyar na firamare. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ita ke riƙe mini kuɗi in ta taso daga lakkol, ba ta taɓa ɓata canji ba. Amma a jarrabawar da suka yi kwanan nan an ba su wani zane mai sanduna na ruwan sama, da jadawalin tashin motoci, aka ce su amsa tambayoyi. Ko ɗaya ba ta ci ba. Ta dawo tana kuka, ta ce ita dai da ta ga zanen sai kanta ya ɗaure. Babanta tela ne, ya ce yarinyar ba ta da kan boko, gara ta zauna ta taya ni sana'a. Ni kuwa a CE2, aji huɗu, aka cire ni, in na dubi takardar ban san ta inda zan kama ba. Wasu sun ce in ɗaukar mata mai koyarwa a gida, kuɗin kuma babu. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki ita, ya sa albarka a neman da kike yi.

Akwai wata magana da kika faɗa a tsakiyar wasiƙarki kika wuce ta kamar ba kome ba: yarinyar ba ta taɓa ɓata canji ba. Ki tsaya ki duba abin da ke cikin wannan. An miƙo mata kuɗin ƙarfe da aka rubuta 100 a jikinsa, ta ce dala ashirin. An ba ta mai 500 ta ce dala ɗari, mai 1000 ta ce jika. Wato a kowane ciniki tana raba lamba gida biyar a cikin kanta, ta ninka, ta ɗebe, ta mayar da saura, mai saye yana tsaye a kanta yana jira. Na yi shekaru masu yawa da alli a hannu, kuma ina tabbatar miki wannan lissafin ya fi wanda aka tambaye ta a takardar nan wuya. Kan boko dai akwai shi. Abin da ya rage mata shi ne wani ya zauna ya nuna mata yadda ake bin zanen da ido, daga ina ake farawa, ina ake tsayawa.

Domin shi zanen nan, wanda a aji suke kira girafik, yarjejeniya ce da mutane suka ƙulla tsakaninsu, kamar baƙaƙen rubutu. Ba wanda aka haifa da saninsa. Fatakenmu sun yi ta safarar goro daga Gwanja, suna riƙe da lissafin kaya da bashi a ka, ba su taɓa ganin sa ba. Su kansu Turawa sai a 1786 wani mutumin Sukotland mai suna William Playfair ya fito da zanen sanduna a littafi. Abin da duniya ta daɗe haka ba ta gano ba, ba adalci ba ne a ajiye shi gaban ƴar shekara goma a ce ta gane shi da kallo ɗaya.

Ni ma na yi wannan kuskuren, kuma har yau yana damuna. Farkon aikina, a wata makarantar ƙauye ta wajen Mayahi, nakan zana girafik a allo da alli kala-kala, in ce yara su kwafa. Wanda zanensa ya fi kyau shi ke samun maki. Sai wata rana na nuna sanda ɗaya na tambayi yarinyar da ta fi kowa iya zane, "Wannan me take gaya mana?" Ta yi shiru. Na tambayi ajin duka, shiru. Shekara ta kusa ƙarewa, na koya musu zane, ban koya musu karatu ba. Daga ranar na daina fara darasin nan da alli. Abin da na koma yi shi zan gaya miki, kuma ba ya bukatar ki iya Faransanci.

Ki fara da jadawali, don shi ne ya fi sauƙi, kuma yana cikin gidanki. Ki roƙi maigida ya ara miki littafin da yake rubuta awon mutane. Kowane tela yana da shi: suna a gefe, sannan tsawo, kafaɗa, hannu, wuya. Idan a jere yake rubutawa ba layi, ki sa ita yarinyar ta ja layuka a kayenta ta juye awon mutum biyar, sunaye daga sama zuwa ƙasa, sassan awo a saman shafi daga hagu zuwa dama. Sai ki ce, "Hannun rigar wane nawa ne?" Ga dabarar, kuma kada ki bari ta tsallake ta ko da ta hango amsar: yatsan hannun hagu a kan sunan mutumin, yatsan hannun dama a kan kalmar hannu da ke sama. Na hagu ya tafi a kwance, na dama ya gangaro a tsaye. Gidan da suka haɗu, nan amsa take. Yawancin yaran da ke faɗuwa a jadawali ido kawai suke saki, idon ya zame zuwa layin sama ko na ƙasa ba su sani ba. Yatsa ba ya zamewa haka.

In ta kama wannan, ki juya tambayar. Ki ɗora yatsa a kan wata lamba a tsakiyar shafi ki ce, "Wannan ta wa ce, kuma awon mene ne?" Yanzu dole ta bi layi ta koma gefe, ta bi wani ta hau sama. Yaron da ya iya tafiya da dawowa a jadawali ya gama da shi. Takardar adashenku ma haka take, sunayen mata a gefe, makwanni a sama. Ramukan dara da maza ke haƙawa a ƙofar gida haka suke, sahu-sahu a kwance da a tsaye. Kalandar azumi da ake rabawa kowace shekara kuwa ita ce malamar da ta fi ni: kwanan wata a gefe, lokacin alfijir da na buɗa-baki a sama. In akwai tsohuwa manne a bango, ki sauko da ita. In azumi ya zo ki ce ita ce mai faɗa wa gida lokacin shan ruwa. Yaron da aka ɗora wa amanar buɗa-bakin babansa ba zai yi wasa da layi ba.

Sai dai jadawalin motoci yana da tarko biyu da littafin tela ba shi da su, kuma ina kyautata zaton a cikinsu ɗiyarki ta faɗa.

Na farko shi ne agogon takarda. Mu a baki muna cewa ƙarfe biyu na rana, ƙarfe takwas na dare. Takarda kuma sai ta rubuta 14h da 20h. Yarinya ba ta taɓa jin wani ya ce "ƙarfe goma sha huɗu" a gidansu ba, don haka lambar ba ta kama mata kome a rai. Ki ɗaure mata su da salla. Wajen 14h ana azahar, wajen 16h la'asar, wajen 20h an yi isha. Magariba tana motsi da lokacin shekara: a nan Maraɗi rana kan faɗi wajen 18h a watan Nuwamba, a Yuli kuwa sai ta kai wajen 19h. In waɗannan turaku sun kafu, sai ki ba ta ƙa'idar: duk lambar da ta wuce 12, a ɗebe 12, abin da ya rage shi ne ƙarfen da muke faɗa. Wayar hannunki ma ki sa a mayar da agogonta mai awa 24, ki riƙa tambayarta lokaci sau biyar, sau shida a wuni, ta karanta abin da aka rubuta ta faɗa miki da Hausa. Mako biyu ya isa.

Na biyu ya fi cin yara, har da masu ƙoƙari. Awa minti 60 ce, ba 100 ba. A ce mota ta tashi daga Maraɗi 6h45, ta isa Agye 8h20, aka tambaya tafiyar ta ɗauki tsawon wane lokaci. Yarinya mai biyayya za ta jera lambobin kamar yadda aka koya mata, 820 a ɗebe 645, ta samu 175, ta rubuta awa 1 da minti 75. Lissafinta daidai ne, ma'aunin ne ba nasa ba. Ki duba takardarta, zan yi mamaki in ba ki tarar da irin wannan ba. Maganinsa yana hannunta tuntuni. In mutum ya sayi ƙuli-ƙulin dala talatin da biyar ya ba da dala ɗari, ai ba ta ɗaukar alƙalami. Cikawa take yi: biyar ta kai arba'in, sittin ta kai ɗari, canjinka sittin da biyar. To haka za ta yi wa agogo. Daga 6h45 zuwa 7h minti 15. Daga 7h zuwa 8h awa guda. Sai minti 20 da suka hau. Awa 1 da minti 35. Ki ce mata kawai, "Ba agogo canjinsa," za ta gane ki.

Ki sa ta zana jadawalin hanyar Damagaram da hannunta: Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, Damagaram a gefe, motar safe da motar rana a sama. Lokutan ku ƙirƙiro su da kanku, kamar yadda na ƙirƙiro na sama don misali. Sannan ki yi mata tambayoyin rayuwa. "Gwaggonki tana Tasawa, ɗaurin aure ƙarfe goma na safe, wace mota za mu shiga?" "Mun makara, mun iso tasha ƙarfe bakwai, awa nawa za mu jira ta gaba?" Sunayen garuruwan da ta sani suna rage mata rabin tsoro. In takardar jarrabawa ta zo da garuruwan da ba ta taɓa ji ba, hannunta ya riga ya saba da aikin.

Yanzu mu zo ga sandunan. A nan nake so ki fi ba da lokaci, kuma kada ki fara da takarda. Ki tara marafan kwalaben lemo, ko ƙwallayen dabino, abin da dai girmansa ɗaya. Ki share wuri a tsakar gida, ki ja layi ɗaya a kwance cikin rairayi, ki sa ta rubuta kwanakin mako a ƙasansa. Kowace yamma, in kun gama ciniki, ta ƙirga kwalaben mai nawa aka sayar, ta jera marfi ɗaya ga kowace kwalba, daga layin nan zuwa sama, a saitin ranar. Abu biyu za ki sa wa ido: duk jerin ya tashi daga layi ɗaya, kuma kada ta bar giɓi tsakanin marafan. Ki rufe wurin da tsohuwar tabarma saboda kaji da ƙannenta. Ranar bakwai ku tsaya a kai ku duba. Ba sai kin yi bayani ba. Ita da kanta za ta ce, "Inna, Juma'a ta fi tsawo." Ki ce, "Don me?" Ta san Litinin da Juma'a ne kasuwar Maraɗi ke ci, za ta ba ki dalili. A wannan lokacin ta karanta girafik, ta kuma fassara shi, abin da ajina duka ya kasa yi a shekarar nan da na ba ki labari.

Mako na biyu ki canja kaya. Ki ce yanzu ƙullin ƙuli-ƙuli za a ƙirga. Za ta ga marafan ba za su isa ba, wurin ma ba zai ɗauka ba. Ki bar ta ta ɗan sha wuya kafin ki ce, "To, in marfi ɗaya ya zama dala fa? Ɗaya ya tsaya a madadin biyar." Wannan ita ce zuciyar darasin gaba ɗaya. A gefen kowane girafik akwai layi a tsaye mai lambobi kamar tsani, kuma takin tsanin ba kullum yake ɗaya-ɗaya ba. Wani biyar-biyar yake hawa, wani goma-goma, na ruwan sama sau da yawa hamsin-hamsin. Yaro ya ga sanda ta hau gida uku ya rubuta 3, alhali amsa 150 ce. Ƴaƴan wasu ƙasashe sai an sha fama kafin su yarda cewa ɗaya zai iya zama biyar. Namu sun tashi da wannan a baki tun ranar da aka fara aikensu sayen magi. Ki koya mata cewa duk zanen da aka ajiye mata, kafin ta karanta tambaya, ta yi wa kanta tambaya uku: zanen nan labarin me yake bayarwa, me aka jera a ƙasa, kuma takin tsanin nawa-nawa ne.

Daga marafai ku koma karan hatsi. Ta yanka kara daidai tsawon kowane jeri, ta kwashe marafan, ta kwantar da karan a wurinsu. Ga sanduna sun fito, kuma ta san abin da ke cikin kowace, tunda ita ta ƙirga shi. Sai ta juye a arduwaz, daga nan a kaye mai gida-gida. Wajen karanta tsawon sanda, ta ɗora wani siririn kara a kwance daga kan sandar zuwa tsani, ta ga inda ya taɓa. In ya faɗa tsakanin 100 da 150, a tsakiya, ta nemi rabin taki ta ce 125. Wannan ma ta sani, don ta san abin da ke tsakanin dala ashirin da dala talatin.

Zanen ruwan saman da ya kayar da ita yana da wata ƴar matsala ta daban. Sau da yawa ba a rubuta watanni a cike, sai harafin farko kawai, kuma a Faransanci wata uku ne ke farawa da J, biyu da M, biyu da A. Yarinya ta nemi Agusta ta ɗora yatsa a kan Afrilu. Ki sa ta haddace jerin watannin, ta riƙa ƙirgawa daga farko: na takwas shi ne Agusta. Sannan ki tambaye ta abin da ta sani da jikinta. Wane wata ne Gulbi ke cika, ruwa ya hana zuwa kasuwa? A nan sanda za ta fi tsawo. Waɗanne watanni ne ake hunturu, ba ko ɗigo? A nan ba za ta ga sanda ba sam, kuma ta san cewa wurin da babu sanda ba mantuwa aka yi ba, sifili ne, shi ma amsa ce. Ruwan da ƙasar Maraɗi ke samu a shekara, a matsakaici, wajen milimita 500 ne, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. In ta ga zanen da ya nuna ruwa mai yawa a Janairu, ya kamata ta iya cewa wannan ba garinmu ba ne. Yaron da ya kai ga yi wa takarda gardama irin wannan shi nake kira ya iya.

In damina ta faɗi, ki samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, ki ajiye a fili nesa da indararo da inuwar icce. Bayan kowane ruwa ta tsoma busasshen tsinke a tsaye, ta auna inda ya jiƙe da abin awonta na lakkol. Santimita 2 milimita 20 ke nan. Ta rubuta, ta zubar, ta mayar. Da dare in ana karanta yawan ruwan da aka samu gari-gari a rediyo, ta gwada da nata. Kalmar milimita za ta daina zama baƙuwa.

Akwai wani nau'in zanen da za su haɗu da shi, in ma ba su riga sun haɗu ba, mai ɗigo-ɗigo da aka haɗa da layi. Shi kuwa, ƙanwata, ke kin riga ta iya shi. Ki ɗauko karnen awon ƙaninta, ɗan littafin nan da ake rubuta nauyin yaro a asibiti. Watannin yaro a ƙasa, kilo a gefe, duk zuwa awo ma'aikaciya ta ɗiga ɗigo. Ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya ce wannan girafik ne, amma kin san in layin yana hawa hankalinki ya kwanta, in ya kwanta ko ya sunkuya akwai magana. Ki buɗe mata, ki nuna mata watan da ya yi zawo ko masassara, ta ga yadda layin ya nuna. In nata karnen yana nan, ya fi, don ba abin da yaro ke so kamar labarin kansa. Abu ɗaya za ki gyara mata: wasu yara suna ɗaukar layin nan hoto ne, su ga ya hau su ce tudu ne, ya sauka su ce gangare. Ki gwada ta da farashin tiyar hatsi, yadda yake sauka da kaka ya yi ta hawa har tsakiyar damina. Layin ya hau, amma ba abin da ya hau sai kuɗi.

Saura harshe. Duk wannan da Hausa za ku yi shi, kuma haka ya kamata, don yaro da harshen da yake tunani yake fara ganewa. Amma tambayar jarrabawa da Faransanci za ta zo, kuma na sha ganin yaron da ya gane zane sarai ya faɗi saboda kalma ɗaya. Kalmomin ba su da yawa. Départ tashi, arrivée isa, durée tsawon lokacin da abu ya ɗauka, le plus wanda ya fi yawa, le moins wanda ya fi ƙaranci. Wadda ta fi cuta ita ce de plus que. Yaro ya ga plus sai ya tara, alhali ana tambayar da nawa wannan ya ɗara wancan, wato ɗebewa ake so. Ta rubuta su a bangon kayenta da fassararsu, ta riƙa karanta miki.

Ki je ki ga Mushensu, ba da ƙorafi ba. Ki gaishe shi, ki roƙi ya nuna miki takardar, ya gaya miki a ina ne ta kauce. Malami mai yara cike da aji ba zai iya bin yatsan kowa ba, amma ba na tsammanin zai ƙi uwar da ta tako ta zo. Ki tambaye shi kuma a ina take zama. In a baya take, kuma a allo aka zana abin, mai yiwuwa lambobin tsanin ma ba ta gan su da kyau ba. Ki lura ko tana ƙanƙance ido in tana kallon nesa, ko tana yawan kwafar lamba ba daidai ba. In haka ne, a kai ta a duba idon. Na ga yaran da aka yi shekaru ana kira daƙiƙai, ashe allon ne ba su gani.

Maganar mai koyarwa a gida, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ki ba abin nan mako shida, minti goma sha biyar zuwa ashirin kowace yamma, ba tsawa, ba bulala. Ranar da ta gaji a bari. In bayan haka har yanzu karanta lambobin kansu ne ke ba ta wuya, ko ba ta iya karanta jimlar tambaya ba, to matsalar ta wuce girafik, sai ki sake rubuto mini mu duba ta wata fuskar. Kada kuma ki jira sai jarrabawa ta matso, ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da maigida, zan faɗi ra'ayina a fili: ban goyi bayan a cire ta ba. Shekara ɗaya ta rage mata ta shiga CM2, daga nan sai kolej, kuma ke da aka cire a CE2 kin fi ni sanin abin da mutum ke ji in ya riƙe takardar ɗansa ya kasa taimakonsa. Amma kada ki ja da shi a gaban yara, kada kuma ki kai masa maganar da sunan wata malama ta ce. Uba ne da ya ga sifili a takarda ya karaya, yana kuma lissafin abin da ake kashewa. Ki roƙe shi abu ɗaya a keɓe, cikin ladabi: ya daina cewa ba ta da kai a inda za ta ji, don irin wannan maganar in ta fito daga bakin uba takan zauna a zuciyar ɗiya har girma. Sauran ki bar wa aiki. In ta ƙware a littafin awo, ki tura ta shago ta riƙa karanto masa awon mutane yana yanka. In salla ta gabato, ɗinki ya taru, masu kaya suna sintiri, ta zana masa jadawali a kwali: suna, irin ɗinki, ranar karɓa, abin da aka biya, abin da ya rage. Ya manna a bango kusa da keke. Mutumin da ke aiki da santimita tun safe har dare zai gane ƙwaƙwalwa in ya gan ta tana yi masa aiki.

Ƙaninta ma kada ki kore shi in ya zo yana leƙe. Ki ba shi aikin tara marafai da jera su, ita kuma ta riƙa yi masa bayani. Za ki ji da kunnenki inda ta gane da inda take in-ina.

Ki gaishe mini da ita, ki ce Malama ta ce ta share tsakar gida ta ja layin nan yau da yamma. In mako ya cika, ki rubuto mini wace rana ce sandarta ta fi tsawo, da dalilin da ita ta bayar.